Kifin titus: Masana sun ƙirga, gwamnatoci sun ƙi ji

Mai sayen kifin titus a Kano ko Kaduna ba lallai ya san daga inda ya fito ba. Mafi yawansa ana kamo shi ne a arewa maso gabashin tekun Atlantika, a daskarar da shi, a yi jigilarsa zuwa Najeriya.

Kifi ne mai yawo. Yana zuba ƙwai a yammacin Birtaniya da Ireland, sannan ya nausa arewa neman abinci har ruwan Norway da Iceland. Don haka babu ƙasar da za ta ce nata ne ita kaɗai.

Cibiyar binciken teku ta ICES da ke Copenhagen ce ke ƙiyasta yawansa. Tun 1977, duk bayan shekara uku jiragen bincike ke auna yawan ƙwan da ke cikin ruwa, don gane adadin iyayen da suka zuba shi. Ana kuma duba ƙashin kunnen kifin domin sanin shekarunsa.

Matsalar tana wajen rabo. Tun wajajen 2010, lokacin da kifin ya ƙara yin arewa, ƙasashen da ke kama shi suka kasa cimma yarjejeniya guda da ta haɗa su duka. Kowacce ta yanka wa kanta kaso, jimillar kuma ta riƙa zarce shawarar masana. A 2025, ICES ta nemi a rage kamun da kusan kashi 70 cikin 100.

Masu jiragen kamun kifi kan ce ƙiyasin ba shi da tabbas. Gaskiya ne, ba a ƙirga kifi kamar shanu a garke, kuma an sha gyara alƙaluman. Amma rashin tabbas dalili ne na yin taka-tsantsan. Kanada ta ɗanɗana kuɗarta a 1992, lokacin da ta hana kamun kifin kod a Newfoundland bayan ya kusa ƙarewa, kimanin mutum 30,000 suka rasa aiki.

Ya kamata ƙasashen su amince da rabo guda wanda bai wuce shawarar masana ba. Najeriya kuwa, tunda gemun maƙwabci ya kama da wuta, gara ta shafa wa nata ruwa: ta ƙarfafa kiwon tarwada da karfasa a gida. Idan titus ya yi ƙaranci, uwar gida mai cefane ce za ta fara ji a aljihunta.