Arlit: Wa zai riƙe tsofaffin da suka haƙo iraniyom?

Jama'a masu bin mu daga ƙauyuka, da 'yan uwa da ke Aljeriya, Libiya da Faransa, yau maganar dattijanmu za mu yi.

An kafa garin Arlit a 1969 saboda iraniyom. SOMAIR ta fara fitar da ƙarfe a 1971, COMINAK kuma a 1978. Samarin da suka taso daga Tawa, Maradi, Damagaram da tsaunukan Abzin suka shiga rami a wancan lokaci, su ne tsofaffinmu na yau a Arlit da Akokan.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki. Kamfanin ya yi alkawarin ci gaba da biya musu kuɗin magani har shekara biyar, wato zuwa 2026. Ma'aikatan 'yan kwangila kuwa, su ma ɗaruruwa, ba su samu sallama irin ta ma'aikatan kamfani ba, alhali ƙura ɗaya suka shaƙa.

To, matsalar ita ce ciwon rami ba ya gaggawa. Ƙurar dutse da iskar radon kan ɗauki shekara goma, ashirin ko fiye kafin huhu ya nuna. Ke nan shekara biyar na iya ƙarewa kafin cutar ta bayyana. Ga kuma hawan jini, ciwon suga da yanar ido da ke zuwa da tsufa. In ciwo ya yi tsanani, Agadas tana da nisan kilomita wajen 240 bisa hanyar da kowa ya san halinta, cibiyar maganin ciwon daji kuwa sai Yamai.

An yi yunƙuri a baya. A 2011 Areva ta kafa OSRA don duba lafiyar tsofaffin ma'aikata, amma a 2012 ƙungiyar Sherpa ta janye, tana kukan ba a biyan diyya yadda ya kamata. Ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan ta daɗe tana jan kunne kan ruwa, iska da tulin sharar ma'adini.

Yanzu lissafi ya sake. A Yunin 2025 gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. A ganinmu, wanda ya gaji gona ya gaji ma'aikatanta. Rage kuɗin asibitocin gwamnati da rabi a 2024 ya taimaka, amma bai biya wa tsoho kuɗin mota zuwa Agadas ba.

Abu uku muke nema daga mahukunta: a yi rajistar duk wanda ya taɓa aikin rami, har da 'yan kwangila, a riƙa yi musu hoton ƙirji da awon jini kyauta a nan Arlit, a bayyana fili wanda zai biya magani bayan wa'adin ya cika.

Mu ma da namu. Ku da ke waje, in kun aiko kuɗi, ku ware na magani daban, kada ya narke cikin cefane. Na gida, a adana wa Baba takardun aikinsa da na CNSS, don su ne shaida ranar neman haƙƙi. Tarin da ya wuce mako biyu a kai shi likita, kada a ce sanyi ne. Mai hawan jini kada ya bar magani don ya ji sauƙi. A ƙauyuka, asusun mata da majalisar masallaci za su iya ware wani abu don jigilar maras lafiya.

Allah ya ba dattijanmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya.