Lambunan Tirkaniya: Shinkafar ɓera ba za ta raba manomi da gafiya ba

Da zarar ruwan Kogin Kaduna ya ja baya, iskar hunturu ta fara kaɗawa, masu lambu a Tirkaniya da Nasarawa da Kudenda sukan koma bakin aiki: alayyafo, latas, tumatir, karas, wani lokaci dankali da 'yar masara. A bayan gidaje ma akwai masu ɗan fili, akwai masu shuka a buhu. Kuka ɗaya ke haɗa su. Mutum ya kwana da fangali cike da shuka, ya wayi gari an tone masa saiwa, an gutsire tumatir, ga sabon rami a gindin katanga.

Abin da akasari ake yi shi ne a aiki yaro ya sayo shinkafar ɓera, a kwaɓa da tuwo ko kan kifi, a ajiye a bakin rami. Wannan hanya tana kashe wasu ɓeraye, babu musu. Amma ba ta kare lambu, kuma abin da take kashewa ya wuce ɓera.

Da farko, ba dabba ɗaya ke ɓarnar ba. Akwai gafiya, mai babban rami da tulin ƙasa a bakinsa, wadda ke cika kumatunta da gyaɗa ko masara ta kai rami ta ɓoye. Akwai gyazbi, mai zama cikin dogayen ciyawar bakin kogi, wanda ke datse karan masara da rake kamar an sa wuƙa. Sai ƙaramin ɓeran nan mai yawan nonuwa, wanda ke tone iri tun kafin ya tsiro, kuma yana zirga-zirga tsakanin gona da ɗaki. Cikinsa bai wuce mako uku da 'yan kwanaki ba, haihuwa ɗaya kuma tana iya kai 'ya'ya goma ko fiye. Wanda ya kashe ashirin a daren Litinin bai rage komai ba idan bolar da ke ciyar da su tana nan.

Sannan ga jaba, wadda aka fi zalunta. Warinta da dogon bakinta sun sa duk wanda ya gan ta sai ya ɗauki sanda. Alhali jaba ba ɓera ba ce, ƙwari da tsutsotsi take ci, irin waɗanda ke cinye saiwar shuka. Mai lambun da ya kashe jaba ya kori ɗan aikin da ba ya biya ko sisi.

Gubar da ake sayarwa a kasuwa kusan iri biyu ce. Akwai mai kisa nan take. Matsalarta ita ce ɓera dabba ce mai tsantseni: yakan ɗanɗana kaɗan, idan ya ji jikinsa ya canza bai mutu ba, ya daina kusantar wannan abincin ke nan. Akwai kuma mai aiki a hankali, wadda ke hana jini daskarewa, ɓera ya yi kwanaki yana yawo a galabaice kafin ya mutu. A cikin waɗannan kwanakin ne kyanwa ko mujiya ko shaho ke kama shi cikin sauƙi, gubar ta koma jikinsu. Wato dai ana kashe masu cin ɓera tare da ɓeran, kuma ɓera ya fi su saurin hayayyafa nesa ba kusa ba. Kaji da agwagi da awakin maƙwabta ba su san an sa wa wani abinci ba. Yara ƙanana ma haka, a unguwa mai cunkoso inda lambu da tsakar gida kusan abu ɗaya ne.

Wasu har fiya-fiya ko Sniper suke tsiyayawa a rami, ko su yayyafa a gefen fangali. Maganin ƙwari ne mai tsananin haɗari, wanda hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a kasuwanni tun 2019. Zuba shi kusa da latas da za a ci ɗanye cikin 'yan kwanaki ba dabara ba ce, ganganci ne da rayuwar mai saye.

Akwai wani dalilin da ya fi asarar tumatir nauyi. Ƙaramin ɓeran nan mai yawan nonuwa shi ne babban mai ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu. Tana shiga jikin mutum ta fitsari da kashin ɓera, ko jininsa, kuma ta fi ƙamari a lokacin rani, daidai lokacin da aikin lambu ke kankama. Kaduna ba baƙuwarta ba ce: a watan Fabrairun 2024 ta yi sanadin mutuwar ma'aikatan lafiya a Asibitin Sojoji na 44 da ke cikin birnin. Ɓeran da ya ci guba yakan mutu inda ya ga dama, cikin rufin ɗaki, bayan buhun gari, kusa da randa. Sau da yawa yaro ake sa wa ya ɗauke shi da hannu. Tarko kuwa yana nuna wa mutum inda gawar take, a sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ke jan ɓera zuwa lambunan Tirkaniya a fili yake: juji a bakin kwata, ragowar abinci, dusar kaji a buɗe, tulin kara da ciyawa a gefen fangali, tsoffin bulo da aka jibge shekara da shekaru. Share ciyawa tsawon taku biyu ko uku kewaye da lambu yana rage ɓarna sosai, domin ɓera ba ya son ratsa fili tsirara inda na sama zai hango shi. Ramin da aka gani a toshe da yamma. Wanda aka tarar a buɗe da safe shi ne mai rai, nan ake ɗana tarko, a jikin katanga ko kan hanyar da suka saba bi. Gafiya sai babban tarko ko keji na waya. Ɗan wurin renon iri kuwa ragar waya mai ƙananan idanu, wadda aka binne gindinta cikin ƙasa, ta fi kowace guba. Banka wa rami hayaƙi ko cinna wa ciyawa wuta a tsakiyar hunturu, kamar yadda samari masu farautar gafiya ke yi, ya sha ƙarewa da gobarar da ta fi gafiyar tsada.

Sai dai tarkon mutum ɗaya ba ya isa. Idan mai fangali ɗaya ya kama nasa, na maƙwabci za su cike gurbin cikin mako guda. Abin da ke aiki shi ne masu lambun yanki guda su haɗu, mai unguwa ya sa baki, a ware mako ɗaya kafin shuka a yi shara da ɗana tarko a lokaci guda, a maimaita kafin amfani ya nuna. Kuɗin da ake kashewa kan guba a kaka ɗaya ya isa sayen tarkunan da za su yi shekaru. Kwashe jujin bakin kwata kuma nauyi ne da ya rataya a wuyan hukumar KEPA da ƙaramar hukuma, malaman gona su ma ya kamata su riƙa leƙa masu lambun cikin gari, ba na ƙauye kaɗai ba.

Batun mujiya shi ne mafi wuyar karɓa. A ƙasar Hausa, kukanta a kan rufi ya isa a fito da gwafa da duwatsu. Amma tun shekarun 1980 manoma a Isra'ila suke kafa wa farar mujiya akwatunan sheƙa a gonaki, daga baya manoman Jodan da Falasɗinu suka bi sahu, masu gonakin kwakwar manja a Malesiya su ma suna yin haka, saboda mujiya biyu da 'ya'yansu na cinye dubban ɓeraye a shekara. Ba ta iya ɗaukar gafiya, gaskiya ne, ƙananan ɓeraye ne abincinta, su ne kuma masu kawo Lassa. Ba lallai ne mutumin Tirkaniya ya ƙera mata akwati gobe ba. Idan aka bar wadda ke kwana a tsohon gini ko bishiyar mangwaro ba a jefe ta ba, kuma ba a ciyar da ita ɓera mai guba ba, za ta ci gaba da sintirin dare a kan fangalan bakin kogi.