Rairayi ba ya jiran gobe

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata zancenmu a kan tudun rairayi ne, da kalmar nan da muka fi so: "gobe".

Kowa ya san kwaruruwan ƙasar Gure, irin na Kilakina, har zuwa Gudumariya da Maine Sorowa. Nan dabino yake, nan rogo da rake, nan kanwa, nan rijiya ba ta da zurfi. Tun farin 1973 da na 1984 itatuwa da ciyawa suka ragu, tudu ya tsiraita, iska ta fara tura shi cikin kwari. A 1984 an yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. Magana an sha yin ta. Shingen ne ba a kafa ba a garuruwa da yawa.

Me ya sa? Ba lalaci ba ne kawai. Mutum ya tsaya gindin tudu, ya ɗaga kai, sai zuciyarsa ta mutu. Ga shi aikin ba ya ba da hatsi bana. Ga shi tudun na kowa ne, abin kowa kuwa kowa jiran wani yake. Sai a ce bari a gama girbi. An gama, sai a ce bari sanyi ya wuce. Mukan ce gobe ta Allah ce. Gaskiya ne. Amma yau ma tasa ce, kuma ita ya riga ya ba mu.

A ajinmu na yaƙi da jahilci haka abin yake. Dattijo ya shekara uku yana cewa zai zo. Ran da ya riƙe alli ya rubuta "a", tsoro ya ƙare.

To, kada ku dubi tudun duka. Ku dubi layi ɗaya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai a gitta mata shinge. A yi rami, a kafa rassan kalimbo, ko na goriba, ko karan hatsi, tsayi kamar ƙugu zuwa ƙirji. Kada a toshe shi ruf. A bar ƴan kafofi iska ta wuce a gajiye, ta zubar da rairayin nan. In layi ɗaya ya tsaya, na biyu ba ya wuya.

Ni a ganina ranar farko kada ma a kafa kome. A je a saro kalimbo kawai, daga nesa da tudun, a sama da gindi don ya sake toho. A ɗaure dami-dami, a jibge inda kowa zai gani. Wanda ya sha wahalar sara ba zai yarda damin ya lalace ba.

Kuma gayya tana son rana mai suna. "Wani lokaci" ba rana ba ce. Mai gari ya ce Asabar bayan asuba, ya kira sunayen mutum goma.

In an yi shinge da rani, ana dasa itatuwa da ruwa ya zauna, wajen 3 ga Agusta, ranar da ta zama ta dashen itace a Nijar tun 1975. Ku nemi ma'aikatan daji tun yanzu don maganar dashe. Makiyaya kuma, a kau da bisashe daga wurin har itatuwan su kama. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin gayya guda kafin azahar.