Ra'ayinmu: A Haɗa Wa Mai Jego Magani Da Abinci

A da, likitoci sukan hana uwa mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau shayar da jaririnta, sai dai madarar gwangwani. To, ina talaka ya ga kuɗinta, balle tsabtataccen ruwan damawa? Jarirai da dama gudawa ce ta kashe su, ba ƙanjamau ba.

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake shawara: muddin uwa tana shan maganinta, ta ba ɗanta nono zalla har wata 6, sa'an nan a haɗa masa da abinci. A 2016 aka ce shayarwar tana iya kai wata 24.

Madalla. Amma fa sai uwa ta ƙoshi take jure shayarwa. Akwai matan da aka saka ranar da sakamakon gwaji ya fito. Wa zai dama musu kunun gyaɗa? Wadda ta kwana da yunwa kuwa takan ajiye maganin saboda jiri.

Don haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da babbar murya: duk asibitin da ake ba da maganin, a riƙa auna wa mai jego gero da wake da man ja, a kuma gwada nauyin jaririnta kowane wata.