Ribar Alkamar Damina Ba Lissafin Shekara Guda Ba Ne

Masu cewa alkamar damina ta fi ta rani riba, wai don ba a sayen injin ban-ruwa da mai, rabin lissafi suka yi.

A Ostareliya, inda galibin alkama da ruwan sama ta dogara, an girbe kimanin tan miliyan 25 a 2005. Da aka yi fari a 2006, ko miliyan 11 ba a samu ba, alhali manoma sun riga sun kashe kuɗin iri da taki, ga kuma bashin banki yana jiransu.

Saboda haka ya wajaba malaman gona su haɗa kuɗin shekara goma, har da shekarun fari, su raba da yawan buhunan da aka girbe, kafin su ce wa manomi ya shuka.