Ba a Nan Take Ba, An Danne Bodari a Ka

Sanin kowa ne cewa amanar da aka fi ɗora wa kwamfuta ita ce ajiya. A can cikin zuciyar manhajarta akwai sashen da ke tsara fayiloli, wato shi ne ma'aji. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ma'aji shi ne OpenZFS, wanda ake aiki da shi a Linux da FreeBSD.

A watan Oktoba na 2023 aka fitar da OpenZFS 2.2.0 da wata sabuwar dabara: idan aka kwafi fayil, ba sai an sake rubuta abin da ke cikinsa ba, fayilolin biyu sai su yi tarayya a kan ajiya guda. Cikin Nuwamba sai aka ga wasu fayilolin da aka kwafa sun cika da sifiri a gurbin bayanansu. Nan da nan zargi ya faɗa kan baƙuwar dabara, aka rufe ta a fitowa ta 2.2.1.

Amma ashe an danne bodari ne a ka. Da masu bincike suka zurfafa, sai suka tarar cutar ta girmi baƙuwar da shekaru. Idan aka tambayi ma'ajin inda bayanai suke a daidai lokacin da yake sauke su a faifai, yakan amsa cewa wurin fanko ne, mai kwafi kuwa ya rubuta sifiri. Baƙuwar tona asirin kurum ta yi. Gyaran ainihi, wanda bai wuce 'yan layuka ba, ya fito a 2.2.2 da 2.1.14.

Saboda haka, wajibin mai duba gyara ne ya ƙi gamsuwa da ɓacewar alama. Ya kamata ya nemi a nuna masa yadda kuskuren ke aukuwa daki-daki, da lokacin da ya shigo, da kuma gwajin da ke tayar da shi kafin gyara. Wani zai ce wannan jinkiri ne alhali ajiyar jama'a na salwanta. Gaskiya ne, toshe ƙofa da gaggawa hikima ce, amma kada a kira shi magani. Wanda aka ce masa ya warke ba ya ƙara neman likita, fayil ɗin da ya lalace a ɓoye kuwa ba ya kuka sai ranar da mai shi ya buɗe shi.