FICEWAR BIRTANIYA DAGA TARAYYAR TURAI: BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

A ranar 23 ga watan Yunin 2016 aka tambayi al'ummar Birtaniya tambaya guda ɗaya: a zauna cikin Tarayyar Turai ko a fita? Kimanin mutum miliyan 17.4, wato kashi 52 cikin ɗari, suka ce a fita, miliyan 16.1 suka ce a zauna. Washegari Firayim Minista David Cameron, wanda shi ya kira ƙuri'ar, ya ba da sanarwar zai sauka, ya bar wa na baya ɗaukar kayan da ya ɗaure. To sai dai akwai tambayar da ba a rubuta a takardar ƙuri'ar ba, ita ce: a fita ta yaya? Wannan tambayar ce ta hana 'yan siyasar Landan barci har shekara uku da rabi.

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, kafin a yi nisa ya kamata a fahimci abin da ake nufi da fita ba tare da yarjejeniya ba. Birtaniya ta shiga wannan ƙungiya tun 1973. Kafin ta fita, kayanta na shiga Faransa da Jamus ba haraji ba binciken kwastan, har ya zama sama da kashi 40 cikin ɗari na abin da take sayarwa waje ƙasashen ƙungiyar yake tafiya. Turawan ƙungiyar sama da miliyan uku suna zaune a Birtaniya, 'yan Birtaniya kuma sama da miliyan ɗaya suna zaune can. Fita ba yarjejeniya na nufin a wayi gari duk wannan ya yanke a dare ɗaya: mota ƙirar Ingila ta biya harajin kashi 10 kafin ta shiga Turai, manyan motocin da ke bi ta tashar ruwan Dover su tsaya a cike masu takardu, wanda ke zaune a ƙasar wani kuma bai san matsayinsa ba.

Theresa May, wadda ta gaji Cameron, ita ta fara buga wannan ganga. A watan Janairun 2017 ta shelanta cewa gara a fita hannu rabbana da a karɓi muguwar yarjejeniya. A ranar 29 ga Maris ɗin shekarar ta miƙa takardar fita, wa'adin shekara biyu ya fara ƙirguwa, alhali ko cikin majalisar ministocinta ba a daidaita kan abin da za a nema ba. Da ta dawo da yarjejeniya a ƙarshen 2018, sai maganar da ta faɗa ta zama bulalar da aka zane ta da ita. A ranar 15 ga Janairun 2019 majalisa ta yi watsi da yarjejeniyar da ƙuri'a 432, masu goyon baya 202, kayen da wata gwamnati ba ta taɓa shan irinsa ba a tarihin majalisar na zamani. Ta sake kawowa sau biyu a watan Maris, sau biyun aka mayar mata. Abin mamaki, majalisar da ta ƙi yarjejeniyar ita ce kuma ta kaɗa ƙuri'a cewa ba ta yarda a fita ba yarjejeniya ba. Sun san abin da ba sa so, amma ba su san abin da suke so ba.

Mene ne ya tsaya masu a maƙogwaro? Iyakar tsibirin Ailan. Birtaniya ce ta raba tsibirin gida biyu a 1921, ta riƙe arewa. Rabon nan ya haifar da rikicin da ya ci rayuka kusan 3,500 kafin sulhun 1998, wanda bayansa aka kwashe shingayen sojoji daga iyakar mai tsawon kusan kilomita 500. Jamhuriyar Ailan tana cikin Tarayyar Turai. In Birtaniya ta fita ba yarjejeniya, dole a mayar da kwastan kan iyakar, kuma kowa ya san abin da hakan ka iya tayarwa. Ashe ƙasar da ta yi ƙarni tana shata wa wasu iyaka da rula a kan taswira, daga Afirka zuwa Falasɗinu zuwa Indiya, ita ma iyakar da ta shata da hannunta za ta riƙe mata ƙafa. Shi ya sa Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

May ta sauka, Boris Johnson ya hau a watan Yulin 2019 da alƙawarin za a fita ranar 31 ga Oktoba ko da yarjejeniya ko babu. Magoya bayansa suna da hujja, kuma adalci ne a faɗe ta. Suka ce wanda ya shiga kasuwa kowa ya san ba zai iya tafiya bai saya ba, to mai kaya ne zai yanka masa farashi. Suka ce jama'a sun yi magana tun 2016, kuma masu kukan yarjejeniya da yawansu so suke a wargaza ƙuri'ar gaba ɗaya. Akwai gaskiya a nan, domin wasu daga cikin masu adawa a fili suke neman a sake ƙuri'a, jam'iyyar Liberal Democrats ma ta ce in ta ci zaɓe soke fitar za ta yi ɗungurungum.

Amma fa hujjar ta rushe a wuri ɗaya. Mai ciniki da ya yi fushi ya bar kasuwa gidansa zai koma ya tarar da shi yadda ya bar shi. Birtaniya kuwa ba ta da gidan da za ta koma. Takardar sirri ta gwamnatin kanta, wadda majalisa ta tilasta aka buga a watan Satumbar 2019, ta yi gargaɗin cewa manyan motoci za su iya kwana biyu da rabi a layi, magani da ɗanyen abinci su yi ƙaranci, kuma tsadar abinci da mai za ta fi dukan masu ƙaramin ƙarfi. Wato gwamnati ta san wanda zai biya kuɗin wannan caca, kuma ba ministocin da suka yi makarantar 'ya'yan gata ta Eton ba ne. Direba ne, da manomi mai tumaki a Wales, da tsohuwa mai ciwon suga da ke jiran allurar da ake shigo da ita daga Turai.

Da majalisa ta tashi taka masa birki, sai Johnson ya nemi Sarauniya ta rufe majalisar har mako biyar. Kafin a rufe, 'yan majalisa suka yi dokar da ta wajabta masa neman ƙarin lokaci in ba a daidaita ba. Ya kori 'yan jam'iyyarsa 21 da suka saɓa masa, cikinsu har da jikan Winston Churchill. A ranar 24 ga Satumba alƙalan kotun ƙoli su 11 suka haɗu a kan cewa rufe majalisar haramun ne a doka. Wannan fa a ƙasar da ke aiko da 'yan kallo su duba wa wasu zaɓe! Waɗanda suka yi yaƙin fita da sunan dawo wa majalisarsu da iko, su ne suka garƙame ta ranar da ta yi amfani da ikon.

Ƙarshen tika-tika tik. Duk da cika bakin, da yarjejeniya aka fita ranar 31 ga Janairun 2020, bayan Johnson ya ci zaɓen Disambar 2019, kuma sai ranar 24 ga Disambar 2020, saura mako guda wa'adi ya cika, aka ƙulla ta ciniki. Farashin da ya biya shi ne binciken kaya tsakanin Birtaniya da Ailan ta Arewa, wato iyaka a cikin ƙasarsa, abin da ya taɓa cewa ba gwamnatin jam'iyyarsa da za ta sa wa hannu. Baƙin da aka yi alƙawarin ragewa kuwa, bambancin masu shiga da masu fita ya tashi daga kusan 330,000 a shekara lokacin ƙuri'ar zuwa sama da 800,000 a 2023, 'yan Nijeriya na cikin na gaba-gaba.

Wannan labari ba na nesa ba ne. Nijar da Mali da Burkina Faso sun ba da sanarwar barin ECOWAS a watan Janairun 2024, fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. Mutanen Jibiya da Maraɗi, da na Illela da Birnin Ƙonni, sun riga sun ɗanɗana abin da rufe iyaka ke nufi bayan juyin mulkin Yulin 2023, lokacin da albasa ta ruɓe a mota, ɗan'uwa ya kasa zuwa ta'aziyyar ɗan'uwansa. Kowace ƙasa tana da haƙƙin barin ƙungiyar da ta ga ba maslaharta a ciki. Amma haƙƙi ne a kan shugabanni na kowane ɓangare su zauna su rubuta yadda talaka zai ci gaba da tsallakawa da buhunsa.

Don haka 'yan'uwa matasa, duk ranar da ɗan siyasa ya hau mumbari ya ce a fasa kowa ya rasa, a tambaye shi abu uku: ina za a nufa bayan an fita, wa zai biya kuɗin tafiyar, shi kuma me zai rasa in abin ya lalace? In ya amsa da kirari maimakon lissafi, to a san da dukiyar wani yake caca. Mutanen Birtaniya sai da aka gama ƙirga ƙuri'a suka fara waɗannan tambayoyi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.